Akwatin Muryar Inna Tasalla

Da hantsi aka kawo wa Insfekta Na'Allah ƙarar, yana cikin karyawa da ƙosai a ofishinsa na Kazaure. Mai ƙarar wani ma'aikacin sakatariya ne, Malam Sabiru. Ya shigo hula a karkace, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, an sace min saba."

"An sace maka me?"

"Saba. 'Yar na'urar ajiya ce, ni na haɗa ta da hannuna."

Insfekta ya ture takardar ƙosan gefe. Ya sha ganin satar awaki da ta babur, har ƙofar masallaci ya taɓa ganin an ɓalle, amma wannan kam yau ya fara ji.

"Mai tsada ce?"

"Ba tsadarta ce ta dame ni ba. Muryar mahaifiyata ce a ciki, kuma ta rasu. Ba ni da ita a ko'ina sai nan."

Insfekta ya goge hannu, ya ɗauki hularsa, ya ƙwala wa Kofur Ukasha kira ya fito da mota.

A hanya Sabiru ya zayyana masa komai, kamar wanda magana ke rage wa zafi. Wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta ya samu, ba ta fi kwalin takalmi ba. Ya farke ta, ya saka mata faifan ajiya guda biyu da 'yar fanka, ya jona ta da batirin sola. Duk wayar da ke gidan tana iya shiga ta ga hotunan biki da na suna. Da Inna Tasalla ta kwanta jinya, sai ya riƙa ajiye waya kusa da ita yana ɗaukar hirarta: tarihin kakanni, waƙoƙin daka, addu'o'inta na asuba. Ya kwashe duka ya zuba a akwatin na'urar, ya goge na wayar don ta cika.

"Faifai biyu na saka, ranka ya daɗe. Duk abin da ya shiga ɗaya, yana shiga ɗayan. Ko ɗaya ya mutu, ɗaya na nan."

"Duk a akwati ɗaya?"

"E."

"Ka gina rumbu biyu a jingine da juna ke nan. Ran da gobara ta tashi fa?"

Sabiru ya juya kai yana kallon hanya. Insfekta ma sai ya ji bai kyauta ba, don mutumin da ke cikin ciwo ba wa'azi yake nema ba.

Falon gidan tsaf yake, ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Talabijin na nan, kwamfutar cinya na kan tebur a buɗe, ga batirin sola a lungu. Gurbin akwatin kawai ya rage a kan kanta.

"Ɓarawo ya bar wannan duka ya ɗauki ƙaramin? Kai, wannan ɓarawo yana da tsoron Allah," in ji Kofur Ukasha.

Insfekta bai yi dariya ba. Idonsa na kan wani baƙin carbi da ke rataye a ƙusa, saman kantar.

"Nan yake zama?"

"A'a," in ji Sabiru, ya matso. "Carbin Inna ne. A kan akwatin nake ɗora shi kullum."

"Wato wanda ya ɗauki akwatin ya tsaya ya ɗaga carbin, ya nemi ƙusa ya rataye shi. Malam Sabiru, ɓarawon titi wurgi zai yi da shi. Wa ke gida jiya da rana?"

Maiɗakinsa ce, Sadiqa. Ta fito cikin hijabi ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su, idonta a ƙasa.

"Malama, wa ya shigo gidan nan jiya bayan maigida ya fita aiki?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe. Ina madafa."

"Ko sallama ba ki ji ba?"

"Turmi nake bugawa."

Insfekta ya nuna ƙarƙashin kujera da sandarsa. Wani kwanon sha ne mai murfi, da ludayi a kai, fura ta bushe a gefensa.

"Wannan fa?"

"Ni na sha."

"Ke?" in ji Sabiru da mamaki. "Kwanon da ba kya fito da shi sai manya sun zo?"

Sadiqa ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta yi gum. Insfekta ya san irin wannan shirun. Ba shirun mai laifi ba ne, shirun mace ce da bakinta ya yi nauyin kama sunan wani. Ya sallame ta, don ya san ko yini za a yi ba za ta faɗa ba.

Ya dawo ofis ya baza Kofur Ukasha wajen masu gyaran waya da masu turin fina-finai. Hujjarsa ɗaya ce: wanda ya ɗauki akwatin bai san yadda ake shiga cikinsa ba, dole ya nemi wanda zai buɗe masa. Na Kazaure duk suka ce ba su gani ba. Aka yi ta cigiya daga baki zuwa baki, har bayan 'yan kwanaki labari ya zo daga Babura cewa wani mai turi, Daudu, ya yi sabuwar ma'ajiya yana ta fankama da ita.

Suka tafi da Sabiru. Shagon Daudu wani ɗan kes ne a bakin kasuwa, waƙa na tashi kamar za ta tsaga kwanon rufi. Ga akwatin nan kuwa a kan benci, fankarsa na juyawa. Sabiru ya yi kansa, Insfekta ya tare shi da hannu.

"Kai ne Daudu? Ina ka samo wannan?"

"A Kano na saya, yallaɓai."

"Wane shago?"

"Wallahi na manta sunan..."

"Juya shi."

Daudu ya juya akwatin. A ƙasansa an rubuta da jan fenti: Gidan Inna Tasalla.

"A Kanon aka rubuta maka wannan?"

Nan fa gumi ya keto wa Daudu. Ya kashe waƙar, ya ce shi wallahi ba ɓarawo ba ne, wani dattijo ne ya kawo masa, a naɗe cikin rawani kamar jariri. Ya ce a ciro masa muryar wata tsohuwa a zuba masa a memori.

"Sai ka ciro?"

"Na cire faifan na jona a kwamfutata, sai ta ce ba ta gane shi ba, sai an yi fomatin. Yallaɓai, haka memori ke yi mana kullum, in ka danna sai ya buɗe. Na danna. Na ga wayam. Na ce ko a ɗayan yake, shi ma na danna."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sabiru. "Duka biyun?"

"Duka."

"To ko a haka ana iya ceto wani abu, in ba a zuba komai a kai ba. Ka zuba?"

Daudu ya sosa ƙeya. "Dattijon ne ya ce ba shi da fuskar mayar da shi, in riƙe. Ni kuma ga wuri fili guda..."

Sabiru ya zauna gaban kwamfutar yana dubawa. Fina-finan Indiya ne na fassara da wasan ƙwallo, maƙil, faifan biyu sun cika har wuya. Ya daɗe yana hawa yana sauka, ko Allah zai sa wani abu ya tsira. Babu. Ya kifa kai a kan bencin, babba da shi, ya fashe da kuka a gaban 'yan kasuwa.

Tausayi ya kama Insfekta ƙwarai, amma aiki aiki ne.

"Dattijon nan, yaya yake?"

"Dogo, da furfura, hannunsa irin na manoma. Ba ɗan garin nan ba ne."

"Ka tambaye shi wace ce tsohuwar?"

"Na tambaya. Na ce mahaifiyarka ce? Sai ya kawar da kai ya ce, 'Wata ce a gidanmu.'"

Insfekta ya gyaɗa kai a hankali. Wannan magana ya san ta kamar yunwar cikinsa, don shi ma ɗan fari ne. Tsohuwarsa tana can Gwiwa, har yau ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "ɗan sandan nan". Shi ma in an tambaye shi ita, "mutanen gida" yake cewa. Kunyar ɗan fari ke nan, uwa ba ta kiran suna, ɗa ba ya zama inda take.

Ya dafa kafaɗar Sabiru.

"Waye ɗan farin Inna?"

Sabiru ya ɗago da jajayen idanu. "Yaya Zubairu. Yana Roni, noma yake... A'a, ranka ya daɗe. Ba dai Yaya ba!"

"Kwanon manya. Carbi a ƙusa. Matarka ta gwammace ta yi wa hukuma ƙarya da ta kama sunan yayan mijinta. Tashi mu je."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa Roni. Suka tarar da Malam Zubairu a ƙofar gida kan tabarma, yana gyaran ƙotar fartanya. Da ya ga motar, ya ga akwatin a hannun Kofur Ukasha, sai ya ajiye fartanyar a hankali. Insfekta ya cire takalmi ya rusuna ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, ka je Kazaure makon jiya?"

"Ban je ba."

"Babura fa?"

"Me zai kai ni Babura?"

"Mai shagon yana nan, in ka fi so a kawo shi ya dube ka."

Dattijon ya dubi ƙaninsa, ya dubi akwatin, ya sunkuyar da kai.

"Ba sai an kawo shi ba. Ni na ɗauka."

"Yaya, don me?" in ji Sabiru. "Ai naka ne! Da ka ce min..."

"In ce maka me? In buɗe baki in ce wa ƙanina, kunna min muryarta in ji? Ni?" Ya girgiza kai. "Ran sadakar arba'in da ka kunna wa mutane, ba ka ga na tashi na fita ba? Haka na saba. Tun ina yaro in ta shigo ɗaki, ni fita nake. 'Na Roni' take ce min, kafin nan kuma 'wancan'. Ban taɓa jin haushi ba, haka muka tarar. Sai daga baya Batulu, ƙanwarmu, ta ce min akwai wurin da ta kama sunana a ciki. Tun ranar abinci ya daina min daɗi. Na ce in ɗauka in kai garin da ba a san ni ba, a zuba min in ji ni kaɗai a gona, in mayar maka kafin ka farga. Sai ga abin da hannuna ya jawo. Na kashe ta a karo na biyu, Sabiru."

"Ni ne, Yaya," in ji Sabiru. "Ni na san yana ciki. Sadiqa ta yi ta ce min in tura maka a waya, in yi kamar kuskure ne. Na ce a'a, waya tana rage kyan murya, a bari in gama tsara akwatin in kawo maka mai kyau. Kullum sai in ce gobe."

Insfekta ya kawar da kai. Ko Kofur Ukasha mai surutu ya juya yana kallon duwatsu.

Can Malam Zubairu ya yi gyaran murya, bai ɗago ba.

"Kai ka ji wurin?"

"Na ji."

"Me ta ce?"

"Ta ɗauka na kashe wayar. Ta ce, 'Allah ya yi wa Zubairu albarka. Bakina bai taɓa kiransa ba, amma ban taɓa ɗaga goshi daga sujada ban ambace shi ba.'"

Dattijon ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ya shige cikin furfurar gemunsa.

"Yaya ta faɗe shi? Sunan. Ja ta yi, ko a gajarce?"

Sabiru ya buɗe baki zai kwaikwaya, ya rufe. Ya sake gwadawa, abin da ya fito muryarsa ce kawai ta ɗa namiji.

"Ban iya ba, Yaya."

Insfekta Na'Allah ya kama masu laifi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa jin kamun da ya yi masa ɗaci irin wannan ba. Da ya sani, da ya bar cigiyar ta mutu a Kazaure.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙarar," in ji Sabiru.

"Za ka janye, amma a ofis, a rubuce. Dole Baba ya zo ya ba da jawabi kafin a rufe."

"Zan je," in ji Malam Zubairu, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Wanda ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, ai sunansa ɗaya ne."

Kofur Ukasha ya taɓa ankwa a ƙugunsa, Insfekta ya harare shi, ya sauke hannu. Da kansa ya buɗe wa dattijon ƙofar gidan gaba na motar.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya," in ji Malam Zubairu. "A ba ni akwatin in riƙe."

Kayan shaida ne, doka ba ta yarda ba. Duk da haka Insfekta ya karɓi akwatin daga hannun kofur ya ɗora masa a cinya.

Motar ta kama hanyar Kazaure. Da suka wuce gonakin bayan gari, Insfekta ya saci kallonsa. Dattijon ya rungume akwatin da hannu biyu, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, yana saurare.