Rigar Fasfon Cindo

Hannatu na zaune a bakin ƙofar ɗaki da allura a hannu, ta ɗora kwalin da ta yanka daidai girman fasfo a kan gwiwarta tana gwada ƙyalle. Uwarta Larai na tankaɗe a gefe, tana satar kallonta.

"Tun hantsi kike kan abin da bai kai tafin hannu ba," in ji Larai. "Ga hulunan mutane can ko taɓa su ba ki yi ba."

"Iya, Malam ya ce Sudan zafi gare ta, gumi yana ɓata takarda. In fasfo ya lalace, dawowa gida sai ta yi wuya."

"Oho! Ashe dawowar ce damuwarki!"

Hannatu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Malam ɗin nan shi ne Cindo, malamin dabbobi a nan Gumel, wanda aka yi musu baiko bayan Sallah. Gwamnati ta ba shi sikolashif zai tafi kos a Sudan, aka ce biki sai ya dawo.

Akwai abin da Hannatu ta sa a cikin rigar fasfon wanda ita da uwarta kaɗai suka sani. Kwanan baya Inna Sabuwa, mahaifiyar Cindo, ta kawo mata tsummokara ta cusa a matashi. A ciki har da wani tsohon majanyi na saƙi, mai ƙunar wuta a gefe wadda aka cike da jan zare. Inna ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta ce, "Da wannan na goye shi. Da ana yi, wallahi da na sake ɗaure shi a bayana mu tafi tare." Ta share ido ta jefa shi cikin tarin.

Maganar ta tsaya wa Hannatu a rai. Sai ta yanko wurin nan mai jan zare, ta ninke shi tsakanin shuɗiyar shadda da shafi, ta bi gefe huɗu da ƙananan ɗinki, ta sa igiyar ratayawa a wuya. Nufinta uwa ta raka ɗanta, in ya sauka lafiya a gaya masa. Yarinta ke nan! Ita ba ta lura ba, abin ya fito da kauri, a ɗinke ruf, da igiya.

Da ta ba Cindo rigar fasfon, ya shiga gida yana ta washe baki, ya nuna wa yayarsa Lauratu. Lauratu mace ce da ba ta taɓa ganin abu ta bar shi yadda yake ba. Ta latsa, ta juya, ta sake latsawa.

"Inna! Zo ki taɓa nan. Akwai abu a ciki."

"Haba Yaya, shafi ne kawai..."

"Shafi? Kai da bokonka ba ka san laya ba in ka gan ta? An ɗinke ka, ɗan'uwa! An ɗinke ka za a rataya maka a wuya!"

Inna Sabuwa ta saki abin ƙasa kamar ta taɓa garwashi. Cindo ne kaɗai ɗanta namiji, ga shi zai haye jirgi zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba. Tsoro ne ya kama ta, ba mugunta ba, amma ɓarnar da suka yi ɗaya ce. Aka aika a kira Hannatu.

Kafin ta fita Larai ta riƙe mata hannu. "Kada ki ce kin yanki majanyinta. In suka ji kin yanki tufar mutum, cewa za su yi boka ne ya sa ki."

Hannatu ta durƙusa a tsakar gidan surukai, matan maƙwabta sun cika zaure suna leƙe.

"Me kika sa wa ɗana a ciki?"

"Inna, tsumma ne."

"Tsumma!" Lauratu ta tafa hannu. "Kun ji ko? Tsumma!"

"A farke a gani mana, Inna," in ji Cindo.

"A farke a gidana, abin ya bi mu? Ba da ni ba! Kai kuma in ka sake taka ƙofar gidansu ban yafe ba."

Cindo ya dubi Hannatu, hawaye na ɗiga a kan hannunta mai huda-hudar allura. Ya ce, "Inna, ba zan saɓa miki ba. Amma ba zan auri wata ba, ko da zan tsufa a haka."

"Kin ji aikin layar," in ji Lauratu.

Inna ta sa muciya ta ɗauki rigar fasfon, ta jefa a wata tsohuwar tukunya, ta rufe ta tura bayan rumbu. Ƙonawa ma ta ji tsoro. Ranar tafiya Cindo ya hau motar Kano da fasfo tsirara a aljihu. Hannatu ta ji tashin motar daga cikin ɗaki, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Garinmu ba ya wasa da irin wannan labari. Masu kawo hula suka aiko a ba su kayansu, ko an gama ko ba a gama ba. Wa zai sa hular mai ɗinke maza? Sai dillalan Maigatari da ba su san ta ba take yi wa aiki. Larai ta daina zuwa biki da suna, baƙin ciki ya kwantar da ita. Hannatu ta sha cewa, "Iya, bari in je in faɗi gaskiya." Larai takan ce, "Wanda ya ga zuciyarki zai faɗa miki ita. Yi haƙuri." Damina ta biyu Larai ta rasu, sunan 'yarta bai wanku ba.

Da Cindo ya gama kos ya dawo a rame, fasfonsa duk ya yi shatin gumi. Bai taka gidan su Hannatu ba, kamar yadda ya yi alkawari. Ɗaya alkawarin ma ya riƙe shi. Aka nuna masa 'yan mata daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ya ce a gode musu. Yana gaishe da uwarsa safe da yamma, amma dariyar nan tasa ta tafi. Wannan ya fi komai cin Inna Sabuwa.

Wata safiya ta gaji. Ta sa Lauratu ta ɗauko tukunyar suka kai wa wan Inna, Malam Ilu, mai karantarwa a zaure.

"Yaya, ka karya mini abin nan. Ya cinye mini yaro."

Malam Ilu ya duba, ya ce, "Sabuwa, me ke ciki?"

"Ina na sani?"

"Ba ki sani ba kika yanke hukunci?" Ya yi bisimilla, ya sa reza ya bi ɗinkin a hankali. Ya buɗe shafin, ya zazzage. Babu rubutu, babu gashi, babu garin magani. Wani ɗan tsohon saƙi ne ya faɗo kan buzu, da cikon jan zare a gefe.

Lauratu ta zabura. "Majanyinki ne, Inna! Kin gani, har tufarki ta yanka..."

"Yi mini shiru!" Inna ta ɗauki ƙyallen, ta shafa cikon da ta yi da hannunta tun Cindo na jariri. "Ni na roƙa. A gabanta na ce ina ma in goya shi mu tafi tare. Yarinyar nan ta ji, ta ɗinke ni a ciki don in raka ɗana, ni kuma na tura kaina bayan rumbu!" Ta fashe da kuka, kukan da Malam Ilu bai ga ta yi ba tun rasuwar ubansu.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi gidan su Hannatu, mata na biye da ita. Ta tarar da ita a bakin ƙofar ɗakin nan, ita kaɗai, da allura. Babbar mace ta zube ƙasa.

"'Yata, ki yafe mini."

Hannatu ta yi wuf ta tashe ta. "Inna, tashi, don Allah. Ni na yafe tun ranar." Ta juya ta dubi inda uwarta ke zama ta yi tankaɗe, hawaye suka zubo. "Iya ce dai na so a ce ta ji."

Lauratu ta rufe fuska da mayafi ta fita.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Hannatu ta sake ɗinke rigar, Cindo ya sa tsohon fasfonsa a ciki, ko da yake tafiyar ta riga ta wuce. Ashe sauran majanyin ma ba ta cusa a matashi ba, ajiye shi ta yi. Da suka haifi mace aka mayar da sunan Larai, Inna Sabuwa da kanta ta goya jaririyar da shi. Ya gaza da faɗin tafin hannu, sai da ta ja sosai kafin ya ɗauru.

Haƙuri ya dawo wa Hannatu da mijinta da sunanta, amma bai dawo mata da uwarta ba. Don haka ku da kuke karatu, in zargi ya shiga zuciyarku, ku farke abin ku duba tun wanda za ku roƙa gafara yana da rai.