Hayaƙi a Ɗakin Safara'u

Tas!

Marin ya sauka a kuncin Safara'u da ƙarfin da sai da ta dafa ƙasa, hannunta ya nutse cikin taɓon fangalin albasa.

"Mi yak kai ki Wurno?"

Yari ne, yayanta, tsaye a kanta da sanda a hannu, idanunsa jajir. Masu ban ruwa da ke bakin magudanar da ta taso daga madatsar Goronyo duk sun saki aiki sun zuba ido.

"Yaya, iska na kai mai... tukunyatai ta ƙare."

"Iska! Ke ta uwatai? Ko ke ta likita?"

"Ni ta wadda za ta aure shi."

Ya sake ɗaga hannu. Ba ta kauce ba, ta ma miƙa masa ɗaya kuncin. Shekararta ashirin da huɗu, malamar firamare ce, kuma duk Goronyo an san in ta kafe, ko jaki ya san da zamanta.

Wanda ake rigimar a kansa Jelani ne, ɗan Malam Tambari na Wurno. Tun da ruwan madatsa ya kawo shinkafar rani, Jelani ke tsaye a kan injin casa, shekara tara yana shaƙar ƙurar ƙaiƙayi. Tari ya fara, busasshe, aka ce sanyi ne. Sai ya zamana in ya taka daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu. A Sakkwato likitoci suka ce huhunsa ya yi tabo, ya ƙandare kamar busasshiyar fata, ba ya kuma warkewa. Tun daga nan da tukunyar iskar asibiti yake numfashi, da roba a hanci. Sai dai a dasa masa wani. Wani asibiti a ƙasar waje ya karɓi sunansa, aka ce ya zo ya zauna kusa da su har a samu huhun, ya zo da mai jinya. Saura kwana ashirin tafiyar. Safara'u ta rantse ita ce mai jinyar, kuma da aurenta za ta je.

Yari ya sunkuyo.

"Wawuya! Kin san abin da sunka shirya? Atiku ya ji komi. Aurenki za su yi su tai da ke can, a kwantar da ke a yanke huhunki a liƙa mai. Gawarki za a maido muna!"

"Atiku yac ce?"

"Shi na!"

Ta yi dariya mai ɗaci, jini a leɓenta. Atiku dillalin albasa ne daga Rabah. Sau uku yana aiko mata da kayan toshi, sau uku tana mayarwa ko kwance ƙullin ba ta yi ba.

"Yaya, mutumin da na ƙi shi za ka saurara?"

"Ki zauna nan. Yau zan raba ki da mai tarin nan, in ma da sanda ne!"

Kafin ta miƙe, ya faɗa motarsa ta ɗaukar albasa. Ta hango Atiku a kujerar gaba yana gyara hula.

Wayyo! Ko takalmi ba ta nema ba. Ta tare ɗan kabu-kabu, ta ce ya bi motar nan ko da babur ɗin zai kama da wuta.

Tun daga bakin layi ta ji ihu. Ta kutsa zauren Malam Tambari, ta tarar Yari ya shaƙe wuyan rigar Jelani ya ɗaga shi daga tabarma. Jelani da a da yake saɓa buhun shinkafa shi kaɗai, yau ga shi yana lilo a hannun mutum.

"Ɓarawon huhu!" in ji Atiku. Ya fizge robar da ke hancin Jelani, ya sa ƙafa ya hamɓare tukunyar iskar, ta gangara ta bugi bango.

Jelani ya buɗe baki yana neman numfashi. Leɓunansa suka fara yin shuɗi.

Safara'u ba ta san lokacin da ta warce taɓarya daga hannun wata mata da ta leƙo ba. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke a damtsen Atiku.

Ƙas!

Ya ƙwalla ƙara, ya zube yana kiran uwarsa.

Yari ya saki Jelani ya kawo sanda. Ita kuwa ta riga ta faɗa kan masoyinta, sandar ta same ta a goshi. Jini ya wanke mata ido ɗaya. Ba ta ko shafa ba. Ta rarrafa ta janyo tukunyar, ta mayar da robar hancinsa.

"Ja, Jelanina... ja a hankali. Ga ni."

Ya ja. Ya sake ja. Jininta na ɗiga a kan farar rigarsa.

"Rabin raina... wa yat taɓa ki?"

"Yi shiru, kar ka ɓata iska."

Malam Tambari ya shigo daga masallaci, carbi a hannu. Tsoho ne mai sanyin magana, amma ranar gemunsa har rawa yake. Da ya ji zancen da ya kawo su, sai ya dubi Yari.

"Yaro, wa yag gaya maka wagga ƙarya? Huhun da za a sa mai na mamaci na, wanda yab bar wasiyya a taimaki wani da shi. Shi muka jira. Ga takardar likita, ka kai ma wanda ka yarda da shi ya karanta ma."

Jelani ya ɗago kai da ƙyar.

"Yaya Yari... in da huhunta aka so... wallahi kabari zan zaɓa."

Yari ya dubi goshin ƙanwarsa, ya dubi sandar da ke hannunsa. Ya juya wurin Atiku.

"Ina kaj ji?"

Atiku ya fara in-ina. Yari ya kama shi ta ƙeya ya ja shi har waje, ya watsar da shi a kwata. Sannan ya dawo ya durƙusa a bakin zaure, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro.

Kaka ce ta yanke magana. Ita ta reni Safara'u da Yari tun rasuwar iyayensu, kuma in ta ce a yi, ko kawunnai ba sa tari. Ta wanke wa jikarta goshi da ruwan ɗumi tana faɗa.

"Ɗiyar da ta zubar da jini don namiji, ai ta gama magana. Juma'a mai zuwa a ɗaura. Wanda bai so ya zo ya same ni!"

Safara'u ta rungume ta.

"Kaka, abu guda na roƙe ki. Likita ya ce ko hayaƙin murhu kar ya shaƙa. Kar a sa hayaƙi a ɗakina."

"To, na ji. Wa zai hura miki murhu a ɗakin amarya?"

Nan fa aka yi kuskuren, don a wurin Kaka hayaƙi na itace ne da kara. Turaren wuta kuwa ƙamshi ne, mutunci ne. Tun Safara'u na shekara goma Kaka ke tara mata shi a kwalabe, tana haɗawa da hannunta.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da yake hanya ba ta da tabbas in rana ta faɗi, aka ce da la'asar za a kai amarya. Kaka ta riga ta yi gaba da masu jere tun hantsi. Da suka gama kafa gado da labule, wata gwaggo daga Rabah ta yamutsa hanci.

"Wannan ɗakin amarya na ko asibiti? Warin magani ko'ina! Dangin malamai za su ce ba mu da gata."

Kaka ta ji maganar har ƙashinta. Jikarta marainiya ce, ba za a raina ta a gidan miji ba. Ta sa aka kawo garwashi a kasko huɗu, ta zuba turare ba ƙyashi, ta rufe tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma don ƙamshin ya kama labule. Suka koma tsakar gida cin tuwo.

Jelani kuwa ya wuni yana amsa gaisuwa. Ƙaramar tukunyar da yake ratayawa ta ƙare, babbar kuma tana cikin ɗakin nan, bayan gado, inda take kullum. Bai so ya tayar da hankalin kowa ranar farin cikinsa ba. Ya lallaɓa shi kaɗai, ya tura ƙofa ya shiga, ƙofar ta koma ta rufe.

Ana cikin guɗa motar amarya ta tsaya. Safara'u na lulluɓe, ana riƙe da ita ana yi mata addu'a a bakin ƙofar gida, sai ta ji tari. A cikin tarin mutum dubu ta san wannan. Amma yau ba irin na kullum ba ne, kamar ana yaga ƙyalle.

Sai ƙamshin ya daki hancinta.

"Turare? Wa yas sa turare?!"

Ta yi jifa da mayafin. Ta ture gwaggon da ke riƙe da ita har ta faɗi zaune, ta ruga, ta daki ƙofar da kafaɗa.

Hayaƙi ya turnuƙo fari fat. Jelani na kwance a ƙasa, hannunsa a miƙe wajen tukunyar, saura kamu ɗaya ya kai.

"Jelani!!"

Ba ta nemi tsumma ba. Ta sunkuci kaskon farko da tafukanta ta wurga tsakar gida, garwashi ya watsu cikin mata, aka tarwatse ana salati. Ta ɗauki na biyu. Na uku. Na huɗu. Fatar hannunta na ƙauri, ita ko a jikinta. Ta naushi taga har gilashin ya zube.

Kaka ta taho tana tuntuɓe.

"Safara'u, ɗiyata, ai ƙamshi na kawai..."

"Na roƙe ki! Abu guda na roƙe ki, Kaka! Kin kashe min shi!"



Yari ne ya ratsa mata ya saɓi Jelani a kafaɗa. Aka shimfiɗa shi a bayan motar albasa, aka ɗora tukunya, Safara'u ta ɗora kansa a cinyarta. Yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, da haƙori ta gyara masa robar. Yari ya take mota, ramukan hanyar Sakkwato na jijjiga su.

"Kar ka rufe ido, masoyina. Dube ni!"

"Kin yi... kyau."

"Ƙarya kake, dubi goshina."

Ya yi murmushi, tarin ya sake turnuƙe shi har sai da jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Kwana nawa... ya rage?"

"Sha ɗaya. Sha ɗaya kacal, Jelani. Ka riƙe min su, don Allah!"

"Zan... gwada."

Ya gwada, Allah ya sani. Kwana biyu ya yi a asibiti, na'ura na hura masa iska, ƙirjinsa na ɗagawa yana faɗuwa. Likita ya kira Malam Tambari gefe ya ce ciwon ya tashi gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage na huhun ya kumbura, ko jirgi ba zai iya hawa ba. Safara'u na jin su ta bayan labule.

Ranar Lahadi da hantsi ya buɗe ido ya neme ta.

"Matata..."

"Na'am, mijina."

"Kaka... so ne yas sa ta. Kar ki..."

Bai ƙarasa ba. Ta kira shi sau uku. A na huɗun ta yi wata irin ƙara da ta sa ma'aikatan jinya suka rugo, ta faɗi a sume.

Haka Safara'u ta shiga takaba da lallen amarci a ƙafa, hannaye biyu naɗe da bandeji har wuyan hannu. A ɗakin uwar Jelani ta zauna, ta juya fuska bango. Ba ta iya riƙe ko ludayi, kuma ta ƙi kowa ya ba ta. Surukarta ta yi lallashi ta gaji. Yari ya yi roƙo daga bakin ƙofa, ko waiwayowa ba ta yi ba. Kwana uku sai ruwa kaɗan.

Kaka kuwa ba ta koma Goronyo ba. Tana zaune a rana a tsakar gidan, ba ta magana da kowa, ba wanda ya iya cewa ta tashi.

A rana ta huɗu ta dama fura da hannunta. Ta shigo da rarrafe, tana tura ƙwaryar a gabanta, ta tsaya a bakin tabarma. Cikin kwana huɗu ta tsufa da shekara goma.

"Ban zo neman gafara ba, ɗiyata. Ban cancanta ba. Ni na kashe shi, na sani."

Kaka ta ƙara tura ƙwaryar gaba.

"Ki tsine min in kina so. Ki mare ni. Amma ki sha, don Allah... kar in kashe biyu."

Kafaɗun Safara'u suka fara rawa. Ta juyo a hankali. Ta dubi tsohuwar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta yi faɗa da dangi duka don ta ba ta wanda take so. Haushinta take ji har cikin ranta, kuma ba ta da wata uwa a duniya sai ita.

Kaka ta ɗebo furar, rabi ya zube a tabarma. Ta miƙa ludayin ta tsaya, ba ta da ƙarfin halin matsawa kusa.

Safara'u ta matso da kanta, hawaye na zuba, ta buɗe baki.