Baƙi na Teku, Rawaya Namu

Una Pardy ta fara ganin Dorian ne a bakin teku, a ƙauyensu na Newfoundland, ya durƙusa yana kankare dutse da wuƙa.

"Wani ya zubar da kwalta nan," in ji shi.

Ta tuntsire da dariya. "Kai ɗan tudu, gansakukar dutse ce! Da ranta. Baƙar tana fitowa ne iyakar inda igiyar ruwa ke duka. Rawayar can sama, feshi kawai take sha."

Dorian kafinta ne daga Saskatchewan, bai taɓa zama kusa da teku ba. Bai riƙe bayanin ba, dariyar ya riƙe. Kafin rani ya ƙare sun shaƙu, har yana kiranta Rawayata.

Mahaifinta Eli, tsohon masunci, ya ce sam. "Wanda bai san inda teku ke tsayawa ba, zan ba 'yata? Ya gina min rumfar kifi tukuna, in ga hankalinsa."

Wince Hynes, wanda ya daɗe yana son Una, shi ya nuna wa Dorian wani shimfiɗaɗɗen dutse baƙi wuluk. "Nan ba sai ka sha wahalar daidaita ƙasa ba, abokina."

Una tana birni wajen innarta lokacin da Dorian ya aiko mata hoton rumfar, har ya kafa ginshiƙai. Ta rubuto: "Masoyi, dubi ƙarƙashin ƙafarka. Baƙi na teku ne, rawaya namu."

Ya ji haushi ƙwarai, ya ƙi amsawa. Da safe dai ya ɗauki guduma. Masunta suka jeru suna kallo yana cire katako ɗaya-ɗaya yana hawa da shi sama.

"Ɗan tudu, gini kake ko rushewa?" in ji Wince. Dorian ya ci gaba da aikinsa.

Guguwar kaka ta zo, igiyar ruwa ta shanye baƙin dutsen gaba ɗaya. Rumfar tana can cikin rawaya, ko ƙusa ba ta motsa ba.

Eli ya zagaya ta, ya buga ginshiƙi da ƙafa. "Rumfa kowa na yi, yaro. Amma ka rushe aikinka gaban gari saboda 'yata ta yi magana? Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin ƙauyen, aka ci kifi a rumfar. Wince ma ya zo, aka ba shi kujera can ƙasa, kusa da baƙin dutse.