Gurbin da Ya Rage a Ƙarshen Layi

Ƙawata, ajiye saƙar nan ki matso kusa. Abin da zan faɗa miki Lorna Haworth ce ta faɗa mini da bakinta, kuma kin san Lorna ba ta ƙara wa magana gishiri.

Da kaka ne, an gama girbin masara. Mahaifiyarta, Inna Orpha, tana kwance da ciwon zuciya tun bazara, yau da sauƙi gobe babu. Abu ɗaya ta nace a kai: a nemo mata kabarin kakarta Keziah a tsohuwar maƙabartarmu ta Abokai, wato jama'armu masu ibadar zaman shiru, can gabashin Ohio a Amurka, wadda aka daina binne mutane a cikinta tun kafin a haifi Lorna. Lorna ta bi tsofaffin littattafan jama'a, ta ga watan da Keziah ta rasu, ta ga wanda ya riga ta da wanda ya bi bayanta. Wannan ya ishe ta. Mutanenmu na dā ba sa binne mutum kusa da danginsa. Layi ake bi, wanda ya mutu yau a gefen wanda ya mutu jiya, mai gona ne ko ɗan ƙwadago. Duwatsun gajeru ne, wasu ko suna babu. In ka samu maƙwabtan mamaci biyu, yana tsakaninsu.

Ƙaninta Wendell ne ya kai ta a motarsa ta ɗaukar kaya, rana ta riga ta yi ja.

"Yaya, mutanen da suka ƙi sa sunansu a dutse ai baƙi ne ba sa so," in ji shi.

"Ka dai ce tsoro kake ji."

"Ni? Gwiwata ce ke ciwo. Ina nan ina gadin mota kada matattu su sace."

"Wannan akwalar? Ko su sun fi ƙarfinta."

Ya yi dariya, ya kunna rediyo, ya kishingiɗa. "In kin ga Kaka ki ce ina gaisuwa."

Ta tura ƙyauren katako ta shiga. Tsohon ɗakin taro yana gefe, tagoginsa a rufe. Ko'ina warin ruɓaɓɓen tuffa da jiƙaƙƙen ganye. Ba ta sha wahala ba. Ga wanda ya riga, ga wanda ya biyo, ga wani ɗan dutse a tsakani da gansakuka ta lulluɓe. Ta kankare da farce, ta ga harafin farko na sunan Keziah. Ta yi wa Allah godiya.

Da ma a nan ta juya. Sai ta ci gaba da bin layuka tana duba shekaru, har ta kai layin ƙarshe. Shi wannan bai kai katanga ba. Bayan dutse na ƙarshe akwai ɗan fili mai laushin ciyawa, daidai tsawon mutum. Ƙafafunta sun gaji. Ta zauna a wurin, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta rufe ido, ta yi shiru gaban Ubangiji yadda muke yi a taro.

Rediyon Wendell ne ya fara ɓacewa.

Sai gyare suka yi tsit.

Sai ta ji ƙarar benci, irin wadda yake yi in mai nauyi ya zauna. Babu benci a maƙabarta. Ta ji wata ƙarar, ta ji wata. Tufafi masu kauri suna gugar juna. Wari ya sake, ya koma na ulun da ya daɗe a akwati, da tokar murhun da ya huce. Can nesa wani tsoho ya yi gyaran murya a hankali, irin na mai jin nauyin damun jama'a.

Lorna ta san wannan shirun. Shirun ɗakin da ya cika da mutane ne.

Ta ɗan buɗe ido.

A kan kowane dutse na layin akwai mai zama. Kaya masu ruwan toka. Maza da faffaɗar malafa, mata da hula mai zurfin baki wadda ta ɓoye fuska. Hannuwa a gwiwa, kai a sunkuye. Ko aljanun wurin ne suka koyi zamanmu, ko mutanen ne da kansu, Allah ne masani.

Za ki ce me ya hana ta gudu. Tun tana goye ba ta taɓa tashi daga zaman shiru ba sai dattawa sun gaisa da hannu, an sallami taro. Kanta yana cewa tashi. Ƙafafunta suka ce ba a sallama ba.

Daga can farkon layi ta ji wani sauti, kamar ana murza busasshen ɓawon masara.

Sun fara gaisawa.

Wannan ya juya ya ba na gefensa hannu. Shi ma ya juya ya ba na gaba. Sautin yana gangarowa dutse bayan dutse. A lokacin ne ta gane inda ta zauna. Gurbin mai biyowa ne, kuma ita ce a cikinsa.

Saura uku. Saura biyu.

Matar da ke gefenta ta juyo. Cikin hular baƙi ƙirin. Ta miƙo hannu.

Hannun Lorna ya ɗaga da kansa, kamar kowace Lahadi. Sanyin ya riga taɓawar isowa, ya kama yatsunta, ya hau zuwa gwiwar hannu.

Abu ɗaya ne aka yarda mutum ya yi a tsakiyar taro: ya miƙe ya yi magana, in an sa masa magana a zuciya. Ta miƙe. Babu komai a bakinta. Abin da ya fito shi ne, "Mahaifiyata Orpha tana jirana. Ba ta da lafiya."

Hannun matar ya tsaya.

Raɗa ta bi layin ta koma baya, baki zuwa baki. "Orpha. Orpha." Kamar tsofaffi suna tuno wata yarinya da suka sani.

Matar ta janye hannunta a hankali. "Ashe ba ke ba ce," ta raɗa. "To, matsa mata."

Lorna ba ta san yadda ta tsallake katanga ba. Ta dai ga kanta a cikin mota, rediyo yana ta waƙarsa.

"Kin same ta?" in ji Wendell. "Me ta ce da gaisuwata?"

"Ja mota."

"Yaya, hannunki ya yi fari fat."

"Ja mota, Wendell."

A gida ta durƙusa a bakin gadon mahaifiyarta, ta faɗa mata komai tana kuka. "Inna, na ba su sunanki."

Tsohuwar ta daɗe tana murza mata yatsun nan masu sanyi. Sannan ta ce, "To da sunan wa za ki ba su, na Wendell? Layi ne, 'yar nan, kuma ni ce a gaba. A can za ku sa ni. Gurbin ya cike, kada ya zauna yana jiran wani nawa."

Kafin dusar ƙanƙarar farko ta sauka Allah ya karɓi abarsa. Lorna ta roƙi dattawa, aka buɗe tsohuwar maƙabartar sau ɗaya, layin ya kai katanga. Har yau in an sallami taro, Lorna hannuwanta a hammata suke, kai kawai take gyaɗa wa mutane.

Wendell kuwa bai yafe mata ba. Gani yake son zuciya ne ya sa ta raba Inna da kabarin mahaifinsu da ke sabuwar maƙabarta, ko gaisuwar kirki ba ya yi mata. Ita ta gwammace ya ci gaba da fushin a kan ya san sunan da ta ambata a wurin.

Don Allah, ƙawata, wannan ya tsaya a cikinki. Ko mijinki kada ya ji, don tare suke zuwa kamun kifi da Wendell.