Wanda Ya Tsaga Min Iska

Saura mako biyar a yi tseren keke na kilomita ɗari uku, ni kuwa ban taɓa wuce tamanin ba. Ina tsaron kantin magani daga safe har biyar da rabi, a gida kuma ga tagwaye 'yan wata huɗu. Lokacin da ya rage min na motsa ƙafa shi ne ɗan tsakanin nan kafin duhu.

Ran nan ina ɗaura takalmi, maman tagwaye ta leƙo da ɗaya a kafaɗa.

"Baban biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bari sai baɗi mana."

"Awa ɗaya ce kawai."

"Jiya ma haka ka ce. Ka dai dawo kafin magariba."

Na bi hanyar bayan masana'antu, inda mota sai jefi-jefi. Iska ta taso ta gaba tana dukan ƙirjina. Kafin kilomita goma cinyoyina sun ɗauki zafi, raina ya ɓaci, na fara tunanin ko gaskiyar matar nan ce.

Masu keke suna da wata ƙa'ida da Kawu mai gyaran kekena ya koya min. In ka maƙale a bayan wani, shi ke tsaga iska, kai kana hutawa. Amma da ya kaɗa gwiwar hannu, sai ka fito gaba kai ma ka ja shi. "Ba a cin bulus a hanya," in ji Kawu.

Rana ta yi ja sai wani mai keke ya wuce ni, dogo, cikin riga ruwan toka, ko sallama babu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ƙara wuta na manne da tayarsa.

Nan take iska ta ɗauke. Ɗan agogon gudun da ke kan kekena ya haura arba'in, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Har murmushi na yi.

Ya kaɗa gwiwar hannu.

Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba. Na ce bari in ɗan ƙara morewa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

A nan na fara lura. Ina jin ƙarar sarƙata, ina jin tayoyina a kan kwalta. Daga gare shi kuwa shiru. Ba numfashi, ba ƙara. Wani wari yana fitowa daga rigarsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ciyawar gefen hanya ta kwanta saboda iska, amma rigata ko motsi ba ta yi.

Ya sake kaɗa gwiwar.

Na ja numfashi, bai cika ƙirjina ba. Na sake ja. Bayansa babu iskar da ke dukan mutum, babu kuma wadda ake shaƙa.

Karo na uku gwiwar ta lanƙwashe ta inda gwiwar ɗan Adam ba ta lanƙwasa.

Yana gabana, amma a kunnena na dama na ji raɗar.

"Karɓe ni mana."

Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi. Na daina taka feda. Keken bai rage gudu ba.

Na matse birki. Ƙaurin roba ya tashi. Muna ta tafiya.

Na buɗe baki in yi a'uziyya, ba iskar da zan yi ta da ita.

Can gaba hanya ta karya kwana a bakin gada. Shi bai karkata ba. Ya miƙe sak, inda babu komai sai rami.

Idona ya fara duhu. Na tuna 'ya'yana.

Na saki kan keken na wurga jikina gefe.

Na faɗa cikin ciyawa a kan kafaɗa, iska ta afka min baki kamar ruwan sanyi. Na daɗe ina tari. Da na ɗaga kai, kekena na kwance taku uku daga bakin ramin, tayar baya tana juyawa. Hanya wayam. Can nesa ana kiran salla.

A gida na ce santsi ne ya kwashe ni. Kafaɗa ta warke cikin mako biyu, amma tun daga ranar keken ya yi nauyi. Kawu ya kwance shi kaf, ya ce lafiyarsa lau.

Taurin kai ya kai ni tseren. Wajen kilomita ɗari, wani dattijo da ya daɗe yana bina ya matso gefena yana haki, ransa a ɓace.

"Malam, ka yi wa abokin nan naka mai rigar toka magana mana. Tun safe yake manne da tayarka, ko sau ɗaya bai karɓe ka ba."

Ban waiga ba. Saura kilomita ɗari biyu, na sunkuyar da kai na ci gaba da ja.