Gaisuwar Mutuwar Goje

Bayan la'asar na ɗaure jakar allurai a bayan mashin, na kama hanyar Diggi daga Kalgo. Aikina duba dabbobi ne. Mako biyu ke nan kullum ina zuwa wata ruga a gefen garin, in yi wa wani tsohon kare allurar rage zafi. Sunansa Goje. Ƙari ya cinye masa ciki, ba zancen warkewa. Abin da ya rage kawai shi ne ya tafi ba cikin azaba ba.

Mai shi Inna Kubura ce, tsohuwar da suka taso daga wajen Gwandu da mijinta da shanunsu shekarun baya. Miji ya rasu, idonta ya mutu. Ƙararrawar wuyan Goje take bi zuwa rijiya ta dawo. Abu ɗaya ta roƙe ni, ran da zai cika hannunta ya kasance a kansa. Na ce mata in sha Allahu.

Ranar, ɗanta Sadiƙ ya tare ni a bakin shinge.

"Malam, na kai shi kwari na aje," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wari ya ishe mu. Kuma tsohuwa ta zauna tana kukan kare, mutane su ce mi? Na ce mata abokin aikinka ya tahi da shi Kalgo. Kai dai ka tabbatar mata."

Da na isa namiji, da a nan na juya na nufi kwarin. Sai na shiga, na durƙusa na gaishe ta, na shirga mata ƙarya tsaf.

Ta ce, "To, ɗana. Ka ce su riƙa sosa mashi bayan kunne. Shina so."

Na fito ina jin haushin kaina. Sadiƙ kuwa har da yi mini godiya.

Rana ta faɗi ina hanya. Daidai gangaren kwarin mashin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Na buga, na sake bugawa. Shiru. Kiran sallar magariba da nake jiyowa daga Diggi ya yanke a tsakiya. Ko gyare ba ya kuka.

Sai na ji nishi. Na san nishin.

Na ɗauki jaka da tocila na gangara. Ƙasa da danshi. Warin ciwon Goje ya fara isowa, a bayansa kuma wani ƙamshi, na man shanu da hayaƙin kara.

Yana kwance ƙarƙashin wata bishiyar kalgo. Ba shi kaɗai ba ne.

Wata mata na zaune, ta lulluɓe da baƙin zane, kansa a cinyarta. Tana sosa masa bayan kunne.

"Inna?" na ce.

"Kashe wutar," in ji ta.

Muryar Kubura ce sak. Amma Kubura na baro ta a kan tabarma, kuma ba ta iya taku goma ba jagora.

Na kashe.

"Yi mashi allurar. Ya jima shina jiranka."

Na durƙusa. Na zuƙo maganin daga kwalba. Na laluba wuyansa, sai yatsuna suka taɓa nata. Sanyi kamar ruwan randa. Kuma yatsun ba su ƙare inda na mutum ke ƙarewa ba.

Na soka allurar. Nishin ya fara sauka.

"Shekara goma sha uku muna zuwa ƙofarta da magariba," ta raɗa. "Shi ka ganinmu. Shi ka yi muna haushi mu koma. Ko sau ɗaya bai bari munka shiga ba."

Goje ya ja numfashi mai tsawo.

"Mu da yah hana, mun san girmanshi. Ku da yat tsare, kun jawo shi da igiya."

Bai sake ja ba.

Ta miƙe da shi a hannu. Ta ci gaba da miƙewa, har kanta ya wuce bishiyar.

"Yanzu ƙofa a buɗe take."

Na bar jaka, na bar takalmi ɗaya. Ayar da na kama ta ƙi zuwa ƙarshe, ita nake ta maimaitawa ina hawa da hannu da gwiwa. Mashin ya tashi a bugu ɗaya.

Da safe na koma rugar da zazzaɓi a jikina. Na faɗa wa Inna Kubura gaskiya a gaban ɗanta, na ce Allah ya ba ta haƙuri. Sadiƙ ya yi tsaki, wai ana gaisuwar kare.

Ba ta yi kuka ba.

"Kai ne na biyu," ta ce. "Wata ta zo jiya bayan magariba, ta zauna da ni, ta ce bai mutu shi ɗai ba. Cikin gidan ga duka ba wanda yac ce min sannu sai baƙuwa."

Tun daga ranar ba ta sake yi wa Sadiƙ magana ba, ni ma gaisuwa kawai take amsa mini. Da magariba sai ta shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar bukka, ta zauna a kan ɗaya. Sadiƙ ya kai ta wurin malamai uku, an yi addu'a, an yi tofi. Kowane malami sai ta ce masa kada ya wahalar da kansa, ita da bakinta take ce wa baƙuwar ta shigo.