Idon Kyamarar Kaka Hassoumi

"Karanta min, Affan! Karanta da ƙarfi kowa ya ji!"

Mariam ta ɗora yatsa a kan akwatin gilashin. Mutanen da suka zo kallon baje kolin tsofaffin kayan hoto a wata jami'ar Paris suka waiwayo.

"Chérie, masoyiyata, don Allah sassauta murya..."

"Ka karanta na ce!"

Ya sunkuyar da kai. Ai shi ya rubuta ƴar takardar da hannunsa: idon kyamarar jirgin sama, ƙirar farko-farko, ba a san wanda ya yi aiki da shi ba.

Ba a sani ba! Abin da ta tashi tana gani a ɗakin Innarta a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, tagulla da gilashi mai kauri, nauyinsa kamar na jariri. Kakanta Hassoumi ya shekara shida yana shiga jirgin Turawa masu zana taswira a Damagaram, yana rungume da kyamarar a sama, sanyi na cin yatsunsa. Da za su tafi suka bar masa idon, don ko a lokacin abin ya riga ya tsufa. Shi kaɗai Inna ta gada daga mahaifinta.

Wata biyu ke nan da Mariam ta ɗauke shi a ɓoye ta ba Affan, wanda aka sa musu rana da shi. Yana rubuta thèse, kundin digirinsa na dakta, kan tarihin irin waɗannan gilasai, ya ce awo kawai zai yi, sati ɗaya. Jiya Inna ta buɗe akwati ta tarar wayam. Tun jiyan ba ta ci abinci ba.

"Malamina ya ce babu takardar shaida," in ji Affan. "Na duba ko'ina, babu sunan kakanki. Ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba."

"Bakin uwata ba shaida ba ne?"

"Ban ce haka ba..."

"Ka zauna a falonmu ka ci tuwonta! Ta ba ka labarin har tana share hawaye, kai kana rubutawa. Ina ka kai shi?"

"Saura sati uku in kare aikina a gaban malamai, Mariam. In na yi masa gardama yanzu, shekara biyar ta tafi a banza. Don mu nake yi, masoyiyata. Wallahi daga baya zan gyara."

"Don mu? Baturen da ya ƙera gilashin ka tono sunansa. Matuƙan jirgi duk ka jera su. Baƙin da ya riƙe abin ne kawai ba shi da suna!"

"Mariam..."

"Buɗe akwatin."

Ya dubi malaminsa da ke can gefe yana hira da baƙi, ya dube ta. Ya ciro makulli ya buɗe.

Ta naɗe idon a gefen mayafinta, ta rungume.

"Akwai jirgin ƙasa na Lyon ƙarfe biyu. Taho ka ba Inna haƙuri da bakinka."

"Yau ba zan iya barin nan ba... ki fahimce ni."

"Na fahimce ka sarai."

Da la'asar ta shiga gida, ta durƙusa ta ajiye idon a cinyar Inna. Tsohuwar ta daɗe tana shafa tagullar.

"Ni na ɗauka, Inna. Ki yafe min."

"Ina Affan ɗin?"

"Yana Paris. Ki kira Kawu da ya karɓi kayan sa rana... a mayar musu da kayansu."

Inna ta ɗago haɓarta, ta kalle ta cikin ido.

"Ba kya son shi kuma?"

"Ina son shi, Inna! Kamar raina nake son shi... shi ya sa abin ke ci na!"

Sai ta kifa kai a gwiwar uwarta, kukan da ta danne tun daga Paris ya ƙwace mata.